Ba a fafe gora ranar tafiya: ɗiyanmu da gasar shiga makarantu

Ranar zubi ce. Masu mabuɗi uku sun buɗe akwati, ana ƙirgar kuɗi bisa tabarma, sai wata ƴar uwarmu ta ce tana son bashi na gaggawa. Ba na jari ba ne, ba kuma wani ne ya kwanta ciwo a gida ba. An yi sanarwar gasar shiga wata makarantar koyon aikin lafiya, ɗiyarta tana da birbe, kuma kwana shida suka rage a rufe amsar takardu. Ba mu ja magana ba, muka ƙirga muka ba ta, muka bi ta da addu'a.

Zubi biyu bayan nan ta dawo da fiye da rabin kuɗin, ta aje gaban shugaba. Ta ce, "Yaya, ga abinku. Yarinyar ko kujerar ba ta gani ba."

Tsit muka yi. Ashe a takardar haihuwa an rubuta sunan uban yarinyar Mahaman, a takardar birbe kuma Maman. Mutum ɗaya ne, duk unguwa ta san shi, da sunayen biyu yake amsawa. Amma mai amsar takardu bai san unguwarmu ba, abin da ke rubuce yake dubawa. Aka ce a je a gyara, gyaran kuwa ba na kwana shida ba ne. Shekara goma yarinyar nan tana zuwa lakwal, shida a firamare, huɗu a kwaleji, ba ta taɓa maimaita aji ba. Ba lissafi ya kada ta ba, ba Faransanci ba. Haruffa biyu ne.

Tun ranar muke tauna wannan magana. Mun tambayi malaman lakwal, mun tambayi ɗiyanmu da suka riga suka ratsa wannan hanya. Abin da muka gane shi ne, gasar da muke ɗauka lamarin yara ne da malamansu, rabinta a hannunmu take, kuma tun kafin a yi sanarwa take farawa.

Da yawa cikinmu ba mu zauna aji ba, shi ya sa duk abin da yaro zai rubuta jarrabawa muke ce mishi. Akwai bambanci, kuma ya kamata kowace uwa ta san shi. Birbe, wato BEPC, da bak, jarrabawar kammalawa ce. Maki bisa 20 ake sakawa, duk wanda ya haɗa 10 a jimilla ya wuce, ko su dubu nawa ne. Gasa kuwa, wadda yara ke ce ma konkur, kujerunta ƙidayayyu ne. In mutum 50 ake so, na 51 gida zai koma, komai ƙoƙarin da ya yi. Kamar motar Maraɗi ce a tasha: in ta cika ta tashi, ba ruwanta da cewa ke ma kuɗinki na hannu. Don haka yarinyar da ta saba cewa "Inna, na samu mwayan" ba ta gama shiri ba. A gasa ba 10 ake nema ba, gaban na kusa da ke ake nema.

Ƙofofin ba su da nisa kamar yadda muke tsammani. A Maraɗi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba daga nan Madarunfa, akwai makarantar horar da malaman firamare, ENI, akwai lisen fasaha na Ɗan Kasawa, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ga wanda ya samu bak. A Damagaram akwai ENSP, inda ake koyon aikin jinya da ungozoma. A Kollo akwai IPDR, makarantar aikin gona da kiwo da gandun daji, wadda ya kamata a ce ɗiyan masu lambu na Jiratawa da bakin tafki sun fi kowa saninta. A Yamai akwai lisen zaƙaƙurai da ake shiga bayan birbe. Kowace da tata ƙa'ida: wata birbe take nema, wata bak, wata gasa take yi, wata takardu take tacewa, kuma kusan duk suna da iyakar shekarun haihuwa. Sharuɗɗan kan canza. Kada wadda ɗanta ya rubuta shekara uku da suka wuce ta ce ta san komi. Sanarwar bana za a nemo, a sa mai karatu ya karanta ta tun daga sama har ƙasa, a gaban uwa da uba.

Abin da ya sa ake rububin gasa ba ɓoyayye ba ne. Wanda ya ci, sau da yawa gwamnati ke ɗaukar nauyin karatunsa, wanda bai ci ba sai makarantar kuɗi, in akwai kuɗin. Mu kuma muna da wani dalili namu. Wace ce cikinmu ba ta taɓa zuwa awo ko haihuwa ta yi fatan ta tarar da ungozoma ƴar gari, mai jin maganarta ba sai an fassara ba? To ungozomar nan ba daga sama za ta faɗo ba. Ɗiyar wata ce cikinmu, wadda yanzu haka tana bakin turmi.

Mu koma kan takardu, tunda su suka fara kada mu.

Dosiyen gasa yawanci ba ya rasa waɗannan: takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa da ake ce ma nasiyonalite, kwafin takardar birbe ko bak da aka buga ma hatimi a meri ko wurin ƴan sanda, hotuna, takardar neman shiga mai tambur, takardar duban likita, da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba. In kika dube su da kyau, kashi biyu ne. Akwai masu lalacewa, akwai marasa lalacewa. Kaziye wata uku yake yi ya mutu, takardar likita ma sabuwa ake so, waɗannan dole sai an yi sanarwa. Amma takardar haihuwa da nasiyonalite ba su ruɓewa, kamar gero ne a rumbu. Su ne kuma suka fi cin lokaci, su ne muke bari sai ranar tafiya.

Sarƙa ce. Ba a samun nasiyonalite sai da takardar haihuwar yaro, a haɗa da takardar uba ko ta uwa. To mu nawa ne muke da tamu? Ranar da muka yi wannan tambaya a zaman ƙungiya, dariya aka yi, daga baya dariyar ta tsaya. Yaron da aka haifa a gida ba a kai sanarwa cikin lokaci ba, sai an bi ta wurin alƙali, da shaidu, kafin a ba shi takardar da ke maye gurbin ta haihuwa. Lokaci-lokaci alƙali kan fito ƙauyuka yin waɗannan takardu. In kuka ji maigari ya sa an yi shela, ku bar abin da kuke yi ku je, da yaran da ku kanku. Mu da ke bakin iyaka kuma muna da tamu matsalar: akwai yaran da aka haifa a Jibiya ko Katsina, wurin wankan gida ko wurin biki, takardarsu ta can ce ko ma babu. Irin wannan a je kotu a tambaya tun yaro na aji biyu a kwaleji, ba sai ya kai ajin birbe ba.

Sai kuma a jera takardun a ƙasa, a sa mai karatu ya duba harafi bayan harafi. Sunan yaro, sunan uba, ranar haihuwa, garin haihuwa. Hawa ce ko Hauwa? Sha biyu ga wata ne ko ashirin da ɗaya? Tun lokacin da mushe ke rubuta sunayen masu zaman birbe ya kamata a yi wannan, don abin da ya shiga wannan jerin shi zai fito a takardar sakamako, shi zai bi yarinyar har tsufanta.

Lokaci kuma fa? A nan ne muka ɗan yi gardama, kuma gara a faɗi gaskiya. Mun ƙirga ranar yarinya ƴar ajin birbe. Ta tashi da asuba, ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta dama ma ƙanne koko, ta ruga lakwal. Ta dawo ta tarar da surfe ko wanke-wanke. Da marece ta ɗauki farantin ƙuli-ƙuli ko kwaɗon zogale. Bayan isha'i, lokacin da aka ce ta ɗauki kaye, idonta ya riga ya rufe. Wanta da suke aji ɗaya, shi ya ci tuwo ya fita wurin abokai da littafinsa. In sakamako ya fito sai mu ce ai namiji ya fi kai.

Wata dattijuwa cikinmu ta ce, "To ɗiyata, in na sauke mata talla, zubin nan da nike kawowa daga ina zai fito?" Ba wadda ta yi mata dariya, don tambayar gaskiya ce. Tallar nan ita ke cika zubin wasunmu. Ba mu ce a daina aikin gida ba, ba mu ce kowa ta rufe sana'a ba. Abin da muka tsayar shi ne wata uku kafin jarrabawa, da makonnin da ke tsakanin sanarwa da ranar gasa, yarinya ta samu awa biyu kullum da ba mai kiran sunanta. Awa biyu da rana tsaka ko da hantsin ranar hutu, ba ragowar dare ba. Wasu sun koma kai hatsi inji a wannan tsakani. Wasu sun sa ƙanne maza ɗiban ruwa, kuma sama ba ta faɗo ba. Wata ta haɗa ƙuli-ƙulinta da na maƙwabciya, yaro ɗaya ke fita da duka.

Uwar da ba ta yi boko ba takan ce, ni me zan iya? Akwai. Wata malama ta koya muna dabara: in yarinya ta gama karatu, ki ce, "Zo ki gaya mini da Hausa abin da kika karanta." In ta iya bayyana miki yadda jini ke zagaya jiki, ko dalilin da ya sa ake raba wannan lamba da waccan, har kika gane, to ta gane. In ta tsaya tana maimaita Faransancin kamar aku, hadda ce kawai, kuma hadda ba ta jure tambayar da aka juya. Tun watan Maris na 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, mun yi murna, amma takardar gasa har yanzu da Faransanci take zuwa. Yaran da yawa ba rashin sani ke kada su ba, tambayar ce ba su fahimta. Don haka a bar ta ta yi karatu da ƙarfi, a bar wani ya yi mata dikte, ko ƙaninta ne.

Abu na biyu da duk waɗanda suka ci suka faɗa muna: tambayoyin shekarun baya. Malamai suna da su, ɗalibai na tura ma juna a WhatsApp, ana samun kwafinsu a Maraɗi. Amma ba karanta su ake yi kamar labari ba. A zauna, a rufe littafi, a duba agogo, in awa biyu aka ba darasin a ɗakin jarrabawa to awa biyu za ta yi a gida, sannan a kai ma malami ya duba. Nan ma ga aikin uwa: ke ce mai riƙon agogo. Kuma a matsa ma darasin da take gudu. Yara na son maimaita abin da suka riga suka iya, don yana da daɗi. Lissafi da Faransanci su ke da nauyi a yawancin gasa, su ne kuma aka fi kauce ma.

Waya kam, wuƙa ce. Tana kawo tambayoyin bara, tana kuma cinye dare. Ranar jarrabawa a bar ta gida, don wanda aka kama da ita a ɗaki ya gama.

Ba mu manta 2023 ba, lokacin da aka yanke wutar da ke zo muna daga Najeriya. Ƙauyukanmu da yawa ma dama ba su san ta ba. Fitilar sola guda ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Mu mun sayi biyu, suna kwana gidan ma'aji, ƴan mata huɗu zuwa biyar na haɗuwa su yi karatu a tsakar gidanta, tana zaune tana ɓarar gyaɗa. In sun wuce biyar hira ce. Ƴan uwanmu na wajen Gabi da Ɗan Isa, inda dare ba shi da tabbas, su yi nasu da la'asar, kowa ta kwana gidansu.

Sai kuɗi. Ba wai yawansu ne ke karya mu ba, lokacin da suke zuwa ne. Birbe da bak wajen Yuni da Yuli ake yin su, gasa kuma ta biyo baya. Wato daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, an kai iri gona, ana neman na taki da na ƴan ƙwadago, a shekarun nan ga babbar salla a kusa, ga zazzaɓin damina na bin yara. A wannan tsakanin ne za a ce kawo na tambur, na hoto, na likita, na ajiye dosiye, na mota zuwa Maraɗi sau biyu ko uku, don da wuya a gama takarda a zuwa ɗaya. In cibiyar gasar na nesa, ga na masauki da abinci. Kowane ƙarami ne, in sun taru sai a sayar da akuya da arha.

A nan jihar Maraɗi aka fara Mata Masu Dubara a 1991, tare da ƙungiyar CARE, kuma yau akwatin ƙarfe mai mabuɗi uku ya zagaya ƙasashe da yawa. Dubarar ba wata ba ce illa tara ƙanƙane kafin buƙata ta zo. Mun yi ta don haihuwa, mun yi ta don biki da rasuwa, ba mu taɓa yin ta don gasa ba. Ga lissafi mai sauƙi. Ƙungiya mai mata 30, kowace ta ƙara dala biyar a kan zubinta na mako. Cikin mako 40 an tara jika 30. Ba zai kai kowa jami'a ba, amma zai fitar da takardun yara da dama, ya kai su Maraɗi ya dawo da su. Mun sa namu a jaka daban cikin akwati, mun rubuta ƙa'ida: ba a taɓa shi sai don takarda, mota da masaukin mai jarrabawa, mace ko namiji. Ƙungiyar da ke raba kuɗi kafin salla ta tuna ta bar wannan jakar a ɗaure.

Akwai kuɗin da ba za su fita daga jakar nan ba, ko da kuka aka zo. Duk shekara sai wani ya ɓullo, da babbar riga da waya biyu, ya ce ya san wani a Yamai, a kawo kaza a sa sunan yarinya. Wani ya ce yana da tambayoyin tun kafin ranar. Ba za mu ce ba a taɓa yin maguɗi a ƙasar nan ba, mun sha ji a rediyo, har an taɓa soke gasa sukutum saboda shi. Amma ku duba yadda cinikin yake. In yarinya ta ci da ƙoƙarinta, ya ce shi ne. In ta faɗi, ya ce wani ya fi ku bayarwa. Ba rasit, ba shaida, ba inda za ki kai ƙara ba ki tona kanki ba. In kuma aka kama, sunan ɗiyarki ne a takarda, ba nashi ba.

Ranar tafiya a tafi tun jajibiri. A sauka gidan dangi ko gidan wata ƴar ƙungiya, shi ya sa yake da kyau mu riƙa zumunci da ƙungiyoyin cikin Maraɗi. Yarinya ta je ta ga makarantar da ɗakin da sunanta yake tun da rana, kada a wayi gari ana yawo bisa kabu-kabu ana tambaya. Katin shaida da takardar kira a leda ɗaya, bik biyu ko uku, ruwan sha. Ta ci abin da cikinta ya saba da shi, ta yi barci. Kuma, tunda mu mata ne muke magana tsakaninmu, a sa mata audugar mata a jaka ko lokacinta bai yi ba. Fargaba na kawo shi ba shiri, kuma mun san wadda ta bar ɗakin jarrabawa saboda wannan kaɗai, ta kasa faɗa ma kowa sai bayan shekara.

Saura magana mai nauyi. In ba ta ci ba fa?

A gidaje da yawa amsar a shirye take tun kafin sakamako ya fito: in ta faɗi, aure. Yarinyar ta sani, da wannan dutsen a ƙirji take shiga ɗakin. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 a Nijar an yi musu aure kafin su kai shekara 18, a jiharmu kuma 89 cikin 100. Mu ba lamba muke karantawa ba, mu ne lambar. Tun watan Disamba na 2017 akwai dokar gwamnati da ke kare yarinyar da ke cikin karatu, amma doka ba ta shiga ɗaki lokacin da uba da baffanni ke shawara. Uwa ce ke shiga. Ba faɗa muka ce a yi da maigida ba, kowace ta san yadda take shawo kan nata. Abin da za a gaya mishi gaskiya ce mai sauƙi: a gasa, yawancin masu zama ba su samun kujera, don kujerun ne kaɗan, ba don yaran ba su da kai ba. Da yawa daga malamai da ma'aikatan jinyar da muke gani sai a zama na biyu ko na uku suka samu. In shekarunta ba su wuce iyaka ba, a nemi alfarmar shekara ɗaya, a je a ga inda ta yi rauni, a sake shiri. A kuma ajiye dosiye wuri fiye da ɗaya in ranakun ba su haɗu ba. Wannan shawara tun yanzu ake yin ta, lokacin da hankali ke kwance, ba ranar da aka dawo da kuka ba.

Ita ƴar uwar tamu, an gyara takardar. Wata huɗu abin ya ɗauka, da zuwa Maraɗi sau uku. Uban ya yarda a jira sanarwa mai zuwa, bayan shugaba da wata gwaggon yarinyar sun je sun same shi har gida. Yarinyar na cikin masu zama tsakar gidan ma'aji, ita ke yi ma ƙananan dikte.

Zubi mai zuwa, duk mai yaro ko yarinya daga aji uku na kwaleji zuwa sama ta zo da takardar haihuwarsa da katin lakwal, ta haɗo da tata takardar in tana da ita. Sakatariya da ɗalibai biyu za su zauna gefe su duba sunaye. Wadda ba ta da ko ɗaya ita ma ta zo, za a rubuta sunanta a jerin da za mu kai ma maigari.